Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu ofisoshin tikiti da shirya tafiye-tafiye: dan Allah ku koya wa yaranku taswirar duniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabannin NANTA, ƙungiyar masu ofisoshin tafiye-tafiye ta Najeriya, na shiyyar arewa, da na AHUON, ƙungiyar masu shirya Hajji da Umara, da duk wani Alhaji ko Hajiya mai ofishin yankan tikiti da shirya Umara da neman biza, musamman ku na nan Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a nema.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare shekara da shekaru, kuma a danginmu duk wanda aka yankar wa tikiti ni yake kawo wa takardar in karanta masa, shi ya sa na ga abubuwa da yawa a cikin takardun nan da bai kamata in yi shiru a kai ba. Maganata ɗaya ce, yaran da kuke zaunarwa gaban kwamfuta suna buga wa mutane tikiti, da yawansu sun iya danna maɓalli amma ba su san duniyar da suke tura bayin Allah cikinta ba, kuma wallahi wannan rashin sanin yana jawo wa mutane asara ta kuɗi da ta lafiya, wani sa'in har ta ibada.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu. Gwaggona ce za ta je Alƙahira ganin likita, ciwon ƙoda, an sayar da gona an haɗa kuɗi da kyar. Ɗanta ya je wani ofis a cikin gari aka yanka musu tikiti, yaron ofishin ya ce musu jirginku Laraba da dare. Suka taso daga Haɗeja ranar Laraba da hantsi, suka sauka gidana, aka yi mata tuwo mai laushi ta ɗan taɓa, bayan magariba na ce a ba ni takardar in gani. Ina dubawa gabana ya faɗi. Abin da ke jiki Laraba ne ƙarfe 00:40, wato sha biyu da minti arba'in na daren Talata wayewar Laraba. Jirgi ya tashi tun jiya suna barci a Haɗeja. Har yanzu ina ganin fuskarta, tana zaune kan darduma da ledar magunguna a cinya, ta kalle ni ta ce "Malam, to yanzu ya za a yi da likitan?" Sai da aka biya tara aka sake neman kujera, ranar ganin likita ta wuce aka sake jiran wata. Washegari da na je ofishin ban yi faɗa ba, na dai tambayi yaron a hankali, sai na gane shi kansa bai san cewa kwanan wata yana juyawa da ƙarfe sha biyun dare ba, a ransa tunda dare ne to daren Laraba ne. Kuma ku duba fa, mu Hausawa in mun ce daren Juma'a ai daren Alhamis muke nufi, dare ke rigan rana a lissafinmu, to ga lissafi biyu sun haɗu a bakin yaro ɗaya ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya warware masa. A bangon ofishin akwai taswirar duniya, ta koɗe, an rataye kalandar wani kamfanin jirgi a kanta ta rufe rabin Afirka.

Ranku ya daɗe, sana'ar nan taku ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa, sunanta ne ya canza. A da madugu ake cewa, uban tafiya. Fatake in za su Gwanja sayen goro, tafiyar watanni har Salaga, ba wanda zai bi madugun da bai san zango-zango ba, bai san inda rijiya take ba, bai san wane kogi ne ke cika da damina ba, bai san wane sarki ake ba gaisuwa kafin a wuce ƙasarsa ba. Yana da jagaba mai shiga gaba. Haka masu ratsa sahara ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, haka alhazan da suka tafi a ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suke yi a hanya, jikokin waɗanda suka tsaya suna nan a Sudan har gobe. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, tafiyar watanni ta koma ta awanni, amma amanar tana nan yadda take, mutum ya damƙa muku kansa da dukiyarsa ne saboda yana ganin kun san hanya. Ku ne madugan yau.

To me nake so yaro ya sani kafin ya zauna kan kujerar nan? Na farko dai lokaci. Duniya juyawa take, kowace awa ɗaya tana cin digiri 15, shi ya sa duk wanda ke gabas da mu yake rigan mu ganin rana. Saudiyya na gabanmu da awa 2, haka Habasha da Turkiyya. Dubai awa 3. Indiya awa 4 da rabi, rabin nan yana rikita mutane sosai. Chana da Malesiya awa 7. Ghana tana bayanmu da awa 1, Nijar da Chadi da Kamaru agogonmu ɗaya. Ingila kuma canza agogo suke yi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, in sanyi ya shigo su koma bayanmu da awa 1. Kuma duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin zai faru ne, tashi da agogon inda aka tashi, sauka da agogon inda aka sauka. Yaron da bai san wannan ba shi ne zai ce wa tsohuwa Kano zuwa Jidda awa bakwai ce a sama, alhali bai fi huɗu da rabi zuwa biyar ba, ko ya haɗa wa ɗan kasuwa canjin jirgi a Addis Ababa yana ganin akwai awa uku a tsakani alhali awa ɗaya ce, mutum ya sauka yana gudu da jaka a hannu.

Sai sunaye. Kowane filin jirgi yana da haruffa uku da duniya ta san shi da su, na Malam Aminu Kano KAN ne, to ku duba ikon Allah, na Guwanzo ta ƙasar Chana inda 'yan Kwari da 'yan Wambai ke zuwa saro kaya CAN ne, harafi ɗaya tak ya raba su. Dakar tana Senegal, Daka tana Bangladash, nahiya biyu daban. Ostiriya na tsakiyar Turai, Ostareliya na can ƙarshen duniya ta kudu maso gabas. Kwango biyu ce, ta Kinshasa da ta Brazabil, biranen suna kallon juna kogi ne ya raba su amma ƙasa biyu ne, biza biyu. Gini uku ce a Afirka, ta Konakiri da Gini Bisau da Ikwatoriyal Gini, mutum ya shigo ya ce zan je Gini, dole a tambaye shi wacce. Dubai ba ƙasa ba ce, ɗaya ce cikin masarautu 7 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, babban birnin ƙasar Abu Dhabi ne. Kuma birni ɗaya kan yi filin jirgi fiye da ɗaya, Santambul tana da babba a ɓangaren Turai da Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, Landan na da Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da sauransu, in aka haɗa wa mutum sauka a wannan tashi a wancan to sai ya shiga cikin gari, shiga gari kuwa sai da izinin shiga ƙasa. Tikitin da ya fi araha a kwamfuta sau da yawa irin wannan tarkon ne a cikinsa.

Inda abin ya fi damuna shi ne tafiyar Makka, don ita ce rabin kasuwarku ko fiye. Makka ba ta da filin jirgi, ko a sauka Jidda a yi tafiyar sama da awa ɗaya a mota, ko a sauka Madina wadda ke da nisan kilomita wajen 450 daga Makka, jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana cinye ta cikin awa biyu da rabi ko kusa da haka, bas kuwa sai ta yi biyar ko shida. Wannan bambancin na Jidda da Madina ba na kuɗin mota kaɗai ba ne, ya taɓa ibadar mutum kai tsaye. Wanda ya sauka Madina yana da sararinsa, ya yi ziyara ya huta, ranar tafiya Makka ya yi wanka ya ɗaura harami a Zul Hulaifa, nan bakin gari. Wanda kuwa zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, mafi yawan malamai sun ce kada ya wuce saitin miƙati ba tare da harami ba, ke nan tun a gida ko a cikin jirgi zai shirya. To na sha ganin mutumin ƙauye an ba shi tikitin Jidda ba wanda ya ce masa uffan, haraminsa yana ƙasan babbar jaka, jakar kuma tana cikin jirgi wurin kaya, sai an yi sanarwar an kusa miƙati ya fara waige-waige. Hukuncin na malamai ne, su za a tambaya, amma sanin cewa jirgin nan zai ratsa saitin miƙati kafin ya sauka, da gaya wa mutum ya sa haraminsa a jakar hannu, wannan aikin wanda ya yanki tikitin ne. Miƙatan nan wurare ne a doron ƙasa, Zul Hulaifa, Juhfa, Yalamlam, Ƙarnul Manazil, Zatu Irƙin, ya kamata a ce kowane ofishin Umara yana da taswirarsu a bango kusa da hoton Ka'aba.

Ga kuma yanayi. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, don haka aikin Hajji da Umarar azumi zagaye suke a cikin yanayin shekara, wani zamani su faɗo a tsakiyar zafi wani zamani a sanyi. A Hajjin 2024 da ya faɗo a watan Yuni zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce sama da mutum 1,300 sun rasu, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba da izinin Hajji ba, ba tanti ba mota ba inuwa. Duk ejan da ke tura mutum da bizar ziyara yana ce masa ai za ka lallaɓa ka yi Hajji, ya ji tsoron Allah, ya san ƙasar da yake tura shi hamada ce. Sannan mutane na zaton Saudiyya kullum zafi, alhali Madina da asuba a Disamba ko Janairu sanyinta na shiga ƙashi, dattijo ya tafi da 'yar shara da hula kawai ya dawo da tari. Addis Ababa da mutanenmu ke yada zango a cikinta tana kan tudu ne sama da mita 2,300, dare can sai da rigar sanyi ko da wane wata ne. Afirka ta Kudu na ƙasan layin da ya raba duniya biyu, yanayinsu a juye yake, Yuni da Yuli su ne hunturunsu. Masu kai marasa lafiya Indiya, Delhi a Disamba da Janairu sanyi ne da hazo mai hana jirgi sauka a kan lokaci, a Mayu kuwa zafi kamar Maiduguri a bazara, kuma Indiya ba gari ɗaya ba ce, in asibitin yana Chennai aka sauke mara lafiya a Delhi to akwai sauran tafiyar kusan awa uku a jirgi a gabansa. Chana ma haka, Guwanzo da Yiwu akwai sama da kilomita 1,000 a tsakani, sannan in sabuwar shekararsu ta zo cikin Janairu ko Fabrairu masana'antu da kasuwanni rufewa suke, ɗan kasuwa ya je da jarinsa ya zauna a otal yana cin kuɗin.

Maganar biza ma taswira ce. Bizar Shengen tana shiga ƙasashen Turai 29, amma Ingila ba ta ciki, Ailan ba ta ciki. Mai fasfo ɗin Najeriya yawanci ko wucewa kawai zai yi ta filin jirgin Turai sai an nemi bizar wucewa, sai dai in yana riƙe da wata takardar da ta ɗauke masa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na ɗalibai. Tsibirin Saifurus a rabe yake tun 1974, kudu ita ce ƙasar da duniya ta amince da ita kuma take cikin Tarayyar Turai, arewa kuwa Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita, jirgin da zai je can ma ta Turkiyya yake bi. Wani tsohon ɗalibina ya zo yi min sallama yana murna ya samu makaranta a Turai, in ya je zai riƙa shiga Jamus yin aikin hutu, haka ejan ya gaya wa mahaifinsa. Na ɗauko taswirar aji na shimfiɗa masa a tsakar gida na nuna masa layin da ya raba tsibirin, yaron nan ya yi shiru ya daɗe yana kallonta. Karatu kam ana yi a can, ban ce kada a je ba, amma a gaya wa iyaye gaskiyar inda ɗansu zai sauka kafin su sayar da fili.

Taswirar kuma motsi take, ba a haddace ta sau ɗaya a ajiye. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 hanyar Khartum da 'yan Umara masu ƙaramin ƙarfi da ɗalibai suka saba bi ta lalace. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe sararin samaniyarta na wani lokaci, jiragen da ke zuwa Turai sai da suka riƙa zagaye. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Kamaru da Chadi kuwa da ma can ba sa ciki, na Afirka ta tsakiya ne, har sefarsu ba ɗaya ba ce da ta Nijar, darajarsu ɗaya amma takardun daban, wanda ya canzo ta Maraɗi a Wapa ya nufi Garwa ko Njamena sai ya sake neman ɗan canji.

Wani abu kuma, ofisoshinku duk fita waje suka sa a gaba, in baƙo ya shigo ya ce ina zan kai iyalina hutu a nan gida sai a yi tsuru-tsuru. Ga Yankari a Bauchi da ruwan ɗumi na Wikki, da rani aka fi ganin namun daji don ciyawa ta bushe suna taruwa a bakin ruwa. Ga tsaunin Mambila a Taraba da sanyinsa da gonakin shayi, ga Sukur a Adamawa da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1999, ga tsohon garin Agadas a maƙwabciyarmu Nijar da dogon hasumiyar masallacinsa na laka da ya shiga a 2013, bikin kamun kifi na Argungu a 2016, hawan sallar Kano a 2024. Ga Kusugu a Daura, Gobarau a Katsina, marinar Ƙofar Mata da Dala a ƙofar gidanku. Wannan ma kasuwa ce, kuma da naira ake yinta ba sai an nemi dala ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Ƙungiyar jiragen sama ta duniya IATA da kuke aiki da lasisinta ta raba duniya shiyya uku don lissafin tikiti, ta ɗaya nahiyoyin Amurka, ta biyu Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, ta uku Asiya da su Ostareliya, kuma labarin ƙasa yana cikin darussan farko na kwas ɗinta. Matsalar ita ce mai ofis ne ke da takardar, yaron da ke fuskantar jama'a ɗan ƙanwa ne ko ɗan maƙoci da aka ɗauko don ya iya kwamfuta. To ku shirya musu bita ta sati ɗaya ko biyu, da Hausa, a koya musu nahiyoyi da manyan birane, da lissafin agogo, da haruffan filayen jirgi guda talatin ko arba'in da mutanenmu suka fi bi, da yanayin kowane wuri wata-wata, da miƙatai, da ƙasashen da ke neman bizar wucewa da katin allurar shawara da ta sanƙarau. A yi musu 'yar jarrabawa, wanda ya ci shi zai zauna gaban jama'a, kuma a riƙa sabuntawa duk shekara. Ga sashen labarin ƙasa a Jami'ar Bayero, ga NIHOTOUR, cibiyar koyar da harkar otal da yawon buɗe ido, da ke da reshe a Bagauda, ga mu malaman sakandare, ni dai in an kira ni zan zo da taswirata da ƙwallon duniya ba sai an biya ni ba.

Kafin a kai ga bitar ma akwai abin da kowane ofis zai iya farawa gobe da safe. Duk tikitin da aka miƙa wa mutum a haɗa masa da 'yar takarda da Hausa, ko saƙon murya ta WhatsApp ga wanda ba ya karatu, a faɗa masa ranar da zai baro gida da ƙarfe nawa zai kasance a filin jirgi, ba ranar da ke jikin tikiti kawai ba, a faɗa masa garin da zai yada zango da awa nawa zai yi a can, da agogon can ya yake da namu, da irin kayan da zai sa, in mai Umara ne a faɗa masa inda zai ɗaura harami. In jirgin na bayan sha biyun dare ne a rubuta masa ɓaro-ɓaro, ka zo filin jirgi ranar Talata bayan isha'i.

Gwaggo dai ta samu ta je daga baya, Alhamdu lillahi jiki da sauƙi, wata mai zuwa za ta koma a sake duba ta kuma a ɗaya daga cikin ofisoshinku za a yanki tikitin.

Allah ya taimake ku, ya kiyaye hanya ga duk matafiyi.

Wassalam,
naku, wani malamin labarin ƙasa a Kano.